Fitilun da Na Zaɓa wa Lambun Maje

Mahaifinmu malamin gona ne har ya yi ritaya. Da ya ajiye aiki sai ya bar gidanmu na cikin garin Suleja, a unguwar Kurmin Sarki, ya koma Maje, inda yake da wani fili da ya saya tun wurin babu komai sai gonakin doya da dawa. Ya gina ɗaki biyu da baranda, ragowar filin ya mai da shi lambu. Akwai mangwaro da gwaiba da lemun tsami, ga ayaba can ƙarshe kusa da rijiya, ga zogale jere da katanga. Mahaifiyarmu ba ta daɗe a can ba Allah ya yi mata rasuwa. Baba ya ƙi ƙara aure, ya kuma ƙi dawowa gari. Matar maƙwabcinsa ce take dafa masa abinci, ni kuma ina zuwa duk ranar Asabar in yi masa shara da wanki.

Mu biyu ne 'ya'yansa da muka rayu. Akwai Yaya, wanda yake aiki a Abuja, ya fita da asuba ya dawo bayan isha'i, sai ni, ina koyarwa a wata firamare a cikin Suleja. Sunan mahaifiyarsa Baba ya sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Wata damina, bayan magariba, Baba ya sauko daga baranda zai je rijiya ya ɗebo ruwa. An ɗauke wuta, ƙasa da santsi, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya zame a kan matakala ya fasa ƙauri. Bai karye ba, amma ya yi kwanaki yana ɗingishi. A cikin makon ne Yaya ya kira ni a waya. Ya ce abin da ya faru ya tsorata shi, yana so a sa wa lambun fitilu masu sola, don Baba ya riƙa ganin gabansa ko da wuta ko babu. Ya ce shi ba shi da lokaci, ni kuma na fi shi ido, in zaɓo abin da ya dace, shi zai biya.

Na ji daɗin wannan kira ƙwarai. Yaya mutum ne mai kyauta, amma ba mai lura da ƙananan abubuwa ba ne. Ko Baba zai yi shekara da takalmi a tsinke ba zai gani ba, sai dai in an faɗa masa ya aiko da guda biyu. Har na ce wa maigidana, ashe dai girma ya fara kama Yaya.

Ban san komai game da fitila ba sai kunnawa da kashewa. Na shiga layin masu kayan wuta a kasuwa, na tsaya shagon wani ɗan kudu da ya daɗe a garin, Hausarsa tana fita sarai. Na yi masa bayanin lambun. Nan take ya sauko mini da wata ƙatuwa mai faɗin faranti, ya ce wannan kaɗai ta isa, in aka kunna ta ko allura ce ta faɗi za a tsinta. Da yake ɗansa ya taɓa zama a ajina, ya yarda in riƙa ɗaukar kaya ina gwadawa, wanda bai yi ba in dawo masa da shi.

Da ita na fara. Na tashi daga makaranta, na yi la'asar a gida, na hau keke zuwa Maje da kwali a cinya. Muka bar ta a rana washegari ta sha caji, da yamma na dawo na ɗaure ta a jikin ginshiƙin baranda. Duhu yana shiga ta kama da kanta. Lambun ya yi fari fat, kowane ganye ya fito kamar an shafa masa alli. Baba ya kare fuska da hannu ya ce wannan ai ta kama ɓarawo ce. Ya ce hasken yana soke masa ido, kuma in ya kau da kai sai ya ga duhun ya fi na da. Na sa ya gwada sauka matakalar ina riƙe da shi, sai ga inuwarsa ta faɗa daidai inda zai sa ƙafa. Kafin mu gama magana ƙwari sun cika barandar. An yi ruwa ranar, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, har cikin kofin shayinsa. Na mayar wa mai shagon da fitilarsa.

Ta biyu mai gane motsi ce. In mutum ya gitta ta kama, in ya tsaya ta mutu. Mai shagon ya ce tana tattalin batir. To Baba in ya idar da salla yakan daɗe a zaune yana lazimi, ba ya ko motsi, sai fitilar ta ɗauka babu kowa ta mutu. Sai ya ɗaga hannu yana kaɗawa kamar mai tsai da mota. Iska kuwa in ta kaɗa ganyen ayaba sai ta kama ba dalili. Ranar na yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi. Ya ce shi bai saba roƙon fitila ba.

A hankali na gane abin da idonsa yake so. Ba ya son farin haske, ya fi son mai ruwan ƙwai, mai kama da na fitilar aci-balbal ta da. Ba ya son ya ga ƙwan da idonsa, ya fi son a rufe shi ta sama hasken ya zuba ƙasa. Kuma ƙanana da yawa sun fi masa babba guda ɗaya. Na samo wasu gajeru da ake kafawa a ƙasa, tsayinsu bai wuce gwiwa ba, na jera su daga matakala zuwa rijiya. Kwana biyu suka yi kyau, daga nan suka fara mutuwa tun kafin isha'i. Ashe inuwar mangwaro ce take hana su samun rana. Na koma na nemo irin waɗanda farantin solarsu daban yake, a ɗora shi a kan rufin kwano a jawo waya. Wata kuma ruwan sama ya shige ta, na girgiza na ji tana ƙara kamar gora. Daga nan duk wadda zan ɗauka sai na duba bakin murfinta ko da roba a zagaye.

Haka na shafe makonni ina zirga-zirga. Maigidana yakan biyo ya ɗauke ni a mashin bayan isha'i. Na koma kai wa Baba tuwo daga gidana, mu ci tare a baranda muna jiran duhu ya yi mu ga abin da fitilar ranar za ta yi. Tun da na yi aure ban zauna da shi haka ba. Asabar da nake zuwa aiki nake yi, shi kuma yana cikin shuke-shukensa, gaisuwa ce kawai take haɗa mu. Amma a wannan zaman ya ba ni labarin kowace bishiya. Ya nuna mini mangwaron da ya yi wa aure da reshen da ya samo daga wani tsohon abokin aikinsa. Ya nuna mini gwaibar da mahaifiyarmu ta dasa da hannunta, ya ce ya gaya mata wurin ba zai yi ba, ta ƙi ji, ga shi ita ta fi kowacce 'ya'ya. Nan na ce to lallai a sa guda ɗaya a gindinta. Ya ce in sa.

Da na gama zaɓe, Yaya ya zo wata Asabar ya gani. Ya zagaya da hannu a aljihu, ya ce aikin ya yi kyau amma hasken ya yi kaɗan. Yana so a ƙara manya biyu a kan katanga, a kuma naɗe rassan mangwaron da ƙananan ƙwayaye masu igiya, irin na wurin biki. Na ce masa manyan suna cutar da idon Baba, na gwada na gani. Su kuma masu igiyar, me tsoho zai yi da su? Ya ce tsaro ma abin dubawa ne, kuma gida ya kamata ya yi kyau. Na juya wajen Baba ina jiran ya goya mini baya. Yana duban ƙasa ya ce in bar shi, kowa da irin idonsa. Na ɗauka ba ya son mu yi musu a gabansa ne. Na haƙura, amma na kafe sai an yi wa na Yaya makunni daban, don Baba ya kashe su in ya so.

Mai gyaran wuta ya yi yini biyu yana aiki. Ranar da ya gama, Yaya ya dawo daga Abuja da wuri, abin da ba ya yi. Ya ce yana so ya ɗauki bidiyo ya tura wa 'yan uwa su ga yadda aka gyara wa Baba wuri. Ni na share busassun ganye. Ni na naɗe tiyo na kawar da bokitai. Da rana ta faɗi, sama ba ta gama duhu ba, aka kunna komai gaba ɗaya. Gaskiya ya yi kyau, har masu igiyar da na raina. Na ce wa Yaya ya fara daga bakin ƙofa ya biyo hanyar rijiya a hankali, don daga nan ne aka fi ganin jerin. Ya bi yadda na ce. Baba bai fito ba, ya ce ƙafarsa tana damunsa.

Ba a yi wata guda ba, ina zaune a ofishin malamai lokacin hutun tara, wata abokiyar aikina, 'yar Filato, ta matso kusa da ni da wayarta. Na saba kawo mata gwaibar lambun, ta kuma taɓa raka ni can. Ta ce, Malama, wannan ba wurin babanku ba ne? Ta ce mijinta yana neman fili, shi aka turo wa.

Na karɓa na duba. Bakin ƙofa ne, sai hanyar rijiya da fitiluna a jere. An ɗora kiɗa a kai, ga muryar wani dillali yana zuba Turanci da Hausa, yana cewa lambu ne na sayarwa a Maje, takardu cikakku, ya dace da wurin biki ko wurin shaƙatawa, ga wuta an riga an sa. A wani wuri har gefen mayafina ya fito, ina ƙoƙarin kaucewa.

Na mayar mata da wayar na ce e, wurin ne. Ta ga fuskata ta fara ba ni haƙuri, ita da ba ta yi komai ba. Aka kaɗa ƙararrawa na shiga aji. Ban san abin da na koyar ranar ba.

Na jira har na isa gida sannan na kira Yaya. A raina ina fatan ya ce wani ne ya saci bidiyon, don ana yi. Bai ce haka ba. Ya ja numfashi ya ce dama yana neman lokacin da zai zaunar da ni. Ya ce fili a Maje yanzu ya zama zinariya, gidaje sun kewaye lambun ta ko'ina, Baba ya tsufa ba zai iya kula da shi ba, kuma zamansa shi kaɗai hatsari ne. Ya ce dillalin ya zo ya duba tun farko, ya ce a hoto wurin kamar daji yake, 'yan Abuja ba za su kula ba sai an ƙawata shi.

Na ce, “Wato tun ranar da ka kira ni ka san abin da kake yi.”

Ya ce, “Da na faɗa miki, da kin yi?”

“Da ban yi ba.”

“To kin gani.”

Ya faɗe shi ne kamar ya ci ni a muhawara. Na ce masa zan je in gaya wa Baba komai, in ga da wane ido zai dube shi. Sai ya ce ba sai na wahalar da kaina ba, Baba ya sani. Ya ce wa zai sayar da filin mutum yana raye ba da saninsa ba?

Wannan maganar ce ta kayar da ni. Ta Yaya na ji zafi, amma zafi ne da na san inda zan ajiye shi. Ta Baba kuwa na rasa yadda zan yi da ita. Na tuna yadda na riƙe hannunsa muna gwada matakala, na tuna gindin gwaiba. Na kasa cin abinci. Maigidana ya ce in yi haƙuri in je in ji daga bakinsa, kada in yanke hukunci da maganar waya. Na yi kwanaki ban je ba. Asabar ma ta zo ta wuce. Baba bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Da na je, da rana na je. Na same shi a gindin lemun tsami yana cire busassun rassa da almakashi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Ya ce in ɗauko kujera. Na ce a nan ma ya yi.

Na ce, “Baba, da gaske kun sani?”

Ya ajiye almakashin ya ce ya sani. Ya ce Yaya ya daɗe yana yi masa maganar yana ƙi. Amma ranar da ya faɗi, ya daɗe a kwance cikin taɓo yana kira babu wanda ya ji, saboda ƙarar ruwa a kan kwano. Da jan ciki ya hau baranda. Bai gaya mana wannan ba a lokacin, cewa ya yi ya tashi nan take. Ya ce a kwancen nan ya ga cewa wata rana haka za a zo a same shi. Da Yaya ya sake tayar da maganar a makon, sai ya ce masa ya yi abin da ya ga ya dace.

Na ce duk na ji, kuma filinsa ne, ba ni da iko a kai. Amma me ya sa ya bar ni ina ta hawa da sauka, ina tambayarsa wane haske ya fi yi wa idonsa daɗi, alhali ya san ba shi zai zauna a ƙarƙashinsa ba?

Ya ce, “Uwata, sau da yawa na buɗe baki zan faɗa. Sai in ga in na faɗa, gobe ba za ki zo da kwalinki ba.”

Na ce, “Da kun ce in zo, ai zan zo. Ko babu kwali.”

Ya ɗauki almakashinsa yana jujjuya shi. Na san yana so in ce ba komai, ya wuce. Bakina ya ƙi. Na tashi na shiga na kwashe kayan wankinsa, na wanke, na shanya, na yi masa sallama tun rana ba ta faɗi ba.

Na sha juya maganarsa a raina. Wani lokaci tausayinsa ya kama ni, tsoho shi kaɗai yana jiran ƙarar keke a bakin ƙofa. Wani lokaci kuma in ji haushi ya taso mini sabo. Mutum biyu da na fi yarda da su a duniya sun zauna sun yanke shawara, suka ga ni ba a gaya mini, amma ana iya aike na. Sun san halina. Sun san in aka ce don Baba ne zan zuba duk ƙarfina, kuma abin zai yi kyau. Wannan sanin da suka yi mini shi suka yi amfani da shi.

Kafin wata daminar aka sayar. Wanda ya saya bai ma yi wurin bikin ba. Ya sare bishiyoyin, ya cike rijiyar, ya jera gidajen haya. Wata tsohuwar ɗalibata da take zaune a unguwar ce ta gaya mini, ni ban je na gani ba. Ranar da za a kwashe kayan Baba ma ban je ba, na ce ina da aikin jarrabawa, kuma da gaske ina da shi, amma da na so da na samu hanya. Yaya ya aiko a tambaye ni ko akwai abin da nake so daga gidan. Na ce a kawo mini turmin mahaifiyata. Shi aka kawo.

Yanzu Baba yana gidan Yaya. An ba shi ɗaki a ƙasa mai banɗaki a ciki, matar Yaya tana kula da shi tsakani da Allah, jikoki suna shiga suna fita. Ya yi ƙiba, ƙafar ta warke. Idan na faɗi gaskiya, ya fi samun kulawa a can. Ina zuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mukan yi hirar makaranta, da tsadar taki, da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Ba ya ambaton Maje, ni ma ba na yi.

Ni da Yaya muna gaisawa. Da ya aurar da 'yarsa ta fari ni na tsaya a kan girki da tarbar baƙi, babu wanda ya ga alamar komai. Ƙanwar Baba ce kaɗai ta lura. Bayan an kai amarya ta kira mu ɗaki mu biyu, ta ce ita ba yarinya ba ce, ta ga yadda muke magana kamar maƙwabta. Ta sa na faɗi abin da yake raina, na faɗa duka, ban rage ba. Yaya ya saurara har na gama. Sai ya ce shi har gobe yana ganin abin da ya yi shi ne daidai, ga Baba nan lafiya lau kowa yana gani. Na ce ni ba sayarwar nake magana ba. Ya ce to in ba sayarwar ba, mene ne?

Gwaggo ta dube shi ta daɗe, sannan ta dube ni. Ta ce in yafe don zumunci, Allah yana son mai yafiya. Na ce na yafe. Ta sa muka yi addu'a muka shafa. Muna fitowa Yaya ya tambaye ni ko akwai sauran abinci, abokansa na Abuja ba su ci ba. Na shiga kicin na zuba musu.